Rasuwar Gwaggo Baƙa, Tukunyar da Aka Wanke Har Lahira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, ni Hajiya Abibatu, mai shinkafa da wake a bakin tashar Salaga, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar babbar tukunyata, wadda duk Zango ya sani da Gwaggo Baƙa. Ajali na Allah ne, ba mu ja ba. Amma sanadin yana da suna, Hikmat, matar ɗana Samed.

An ƙera marigayiya a Bawku, ta zo Salaga cikin kayan auren mahaifiyata. Ta ciyar da direbobi da masu dakon doya, ta je gidan suna ta je gidan rasuwa, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Idan ta tafasa muryarta ƙasa-ƙasa ce, fut, fut, fut, irin ta dattijuwa mai jan carbi. Ƙanzonta kuwa, akwai direban da yake barin fasinja a mota ya zo ya tsaya jiransa.

Ba zan ɓoye lalurarta ba. Gindinta ya daɗe da sirancewa, da 'yan huji kamar na allura. Abin da yake riƙe da ita shi ne baƙin nan na ciki da waje, hayaƙi da karan dafin da muke rina shinkafa da shi da tsohon ƙanzo, wanda ya fara taruwa tun a hannun mahaifiyata. Na sama ake jiƙawa, a kankare da muciya, a ɗauraye. Na ƙasa ba a taɓa shi. Haka na gaya wa Hikmat ranar da na ce mata gwiwoyina sun gaji, bayan Babbar Sallah ita zan bar wa rumfa da tukunya.

Na tafi sunan dangin Hikmat a Yendi, na bar marigayiya lafiya lau. Sai likitarmu Hikmat ta duba waya, ta ga wata mai dogayen farata tana koyar da wankin tukunyar da ta ƙone. Ta fara da lemon tsami, baƙi ya ƙi. Ta koma soson ƙarfe, ya ƙi. Sai ta aro sodar da maƙwabta suke haɗa sabulu da ita, ta antaya, ta bi da ruwan zafi. An ce tun hantsi marigayiya take cewa shuuu, tana kumfa, har aka kira azahar. Babu wanda ya kai mata ɗauki.

Da na dawo, yarinyar ta tare ni a ƙofa tana washe baki, fatar yatsunta duk ta saluɓe. "Mma, ki gani! Ta yi fari kamar sabuwa!" Na ɗaga Gwaggo sama, na hango rana ta gindinta kamar ta rariya. Girkin uwata ke nan aka kankare aka zubar a kwata. Na zauna a tsakar gida na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Marigayiya ta bar murfi, wanda bai san wa zai rufe ba yanzu, da ludayi, da duwatsun murhu, da wasu jikoki masu ƙyalli a kabad ɗin amarya, waɗanda ba su san wuta ba, kamar mai su. Masu cewa yarinya ce, niyyarta mai kyau ce, na ji. Su zo gobe da safe in zuba musu niyyar a ganye.

Wanka dai an riga an yi, ya ishe ta har tashin ƙiyama. Za a fita da gawa ranar kasuwa. Hikmat za ta ɗauke ta a ka daga gida zuwa tasha, ta bi ta gaban rumfa a hankali. Za a yada zango a Yendi, iyayen Hikmat su leƙa ta hujin su ga tarbiyyarsu, sannan a wuce Bawku, maƙeri ya narka ta a garin da aka haife ta.

Game da gado, rumfa ta zama ta Salimatu, 'yar ƙanwata. Alkawarin tukunya kuwa ba zan saɓa ba. Na ce wa maƙeri ya zuba kwano ɗaya daga jikin marigayiya, ya goge shi ya yi fari tas. A cikinsa za a riƙa zuba wa Hikmat abinci a gidana, safe da yamma, muddin ina raye.