Yadda Za Ka Zaɓi Shokazoba da Taya Don Ƙanin Matarka Ya Daina Bin Ka Gona

Ƙanin matata ya ƙwace kujerar gaba a motata. Kujerar yayarsa ce. Tun da na sayi a-kori-kurar nan, nan take zama in za mu gona, kwando a cinya, ba ta magana, ba na magana, mu je lafiya mu dawo lafiya. Sai ga shi da ciwon baya, a lanƙwashe kamar lauje, wai likita ya ce ya riƙa shan iskar daji. Ta tausaya masa, ta bar masa wurin, ita ta zauna gida. Rediyo muke kiran sa. Rediyon gaske dai yana da wurin kashewa.

Ban yi boko mai nisa ba. A kan burji na tsufa. In kai ma wani ya ƙwace kujerar matarka, bi abin da zan gaya maka. Duk mai lafiyayyen baya zai sauka daga motarka da ƙafarsa. Na yi alkawari.

Mataki na ɗaya: Rufe bakinka

Kada ka ce masa ya sauka. Ƙanin matarka ne. Ka faɗa da safe, kafin rana ta take dangi sun ji, kowa ya ce tsufa ya sa ka rowa. Namiji ba ya korar baƙo da baki. Mota ce za ta yi maganar.

Mataki na biyu: Shokazoba

Shi ne ƙarfen da ke shanye dukan hanya kafin ya iso ƙugunka. Ga yadda ake gane shi. Danna kusurwar mota da ƙarfi, ka saki. In ta taso ta tsaya, mai kyau ne. In ta yi ta rawa kamar an yi mata kiɗa, ya mutu.

Sayi mai kyau, sabo, a sa a ɓangarenka. Ɓangarensa kuwa je bayan gareji, inda ake zubar da ƙarafa, ka tono wanda mai ya tsiyaye daga cikinsa har tsatsa ta gaji da shi.

Bakanike zai yi gardama. Nawa ya yi.

“Baba, ai biyu-biyu ake sa su, iri ɗaya.”

“Na tambaye ka?”

“Motar za ta karkace fa.”

“Wajen wa?”

Ya dubi kujerar, ya dube ni. Ya ce, “Rediyo ne?” Na miƙa masa makulli. Ya ɗauko sifana. Shi ma ya taɓa zama kusa da Rediyo a wurin jiran likita.

Mataki na uku: Taya

Hanyar burji tana son taya mai kauri, mai manyan haƙora, wadda dutse ba ya yaga gefenta. Wannan taka ce. Tasa ka nemo mai sanƙo, wadda ta suɗe har kana ganin fuskarka. In ta ɗan fi taka ƙanƙanta, madalla. Motar za ta sunkuya wajen ƙofarsa, duk tafiya tana nuna masa hanyar fita.

Sai iska. Masu hankali suna rage iska a kan gargada don taya ta yi laushi. Rage a taka. Tasa ka tsaya kan mai faci ya yi ta ɗurawa.

“Baba, ta isa.”

“Ƙara.”

“Za ta fashe, wallahi.”

“To ka tsaya kafin nan.”

Ƙwanƙwasa ta da makulli. In ta yi ƙara kamar tukunyar ƙarfe, ta yi.

Mataki na huɗu: Gwaji

Kada ka gwada da mutum tukuna. Ɗora tiren ƙwai a kujerarsa, ka je bakin gada ka dawo. In ko ɗaya ya tsira, koma wajen bakanike, ya cuce ka.

Nawa babu wanda ya tsira. Har tiren ya tsage. Sai dai ka tabbata ƙwan ba na matarka ba ne. Nawa nata ne. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kujerar.

“Maigida, me ya faru da ƙwaina?”

“Bincike.”

Ba ta ƙara ba. Mace ce mai tarbiyya. Abincin ranar dai ba gishiri.

Mataki na biyar: Raba ramuka

Kowane rami a hanya yana da mai shi. Ƙananan naka ne. Manyan nasa. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, don yanzu motar ta koyi ja zuwa ɓangarensa, in ka sake ta sai ta zagaya bishiya ta dawo gida. Kada ka taka birki. Kada ka dube shi. In kansa ya daki rufi, ka ce, “Sannu. Hanya ce.”

Rediyo bai yi shiru ba. Maganar ce kawai ta riƙa fitowa gutsi-gutsi. Labarin maƙwabcinsa da ya sayi injin ban-ruwa yake ba ni, na ji shi duka, da rawar murya.

Mataki na shida: Babban kwazazzabo

Kowace hanyar gona tana da wurin da ruwa ya cinye. Ajiye shi sai ƙarshe. Na ba motar wuta, na saka tayarsa a ciki. Rediyo ya tashi sama, ya gaisa da rufi, ya dawo. Bayansa ya ce ƙas.

Ya yi shiru.

Na tsaya. Na ji kukan tsuntsu. Rabona da jin tsuntsu a hanyar nan tun kafin ciwon bayansa.

Ya buɗe ƙofa, ya sauka. Na ce a raina aiki ya yi. Sai ya miƙe. Sambal, kamar turken lantarki. Ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa. Ya yi tsalle.

“Yaya! Yaya Direba! Na warke!”

Ya rungumi motar. Ya dawo ya zauna, ya ja ƙofa.

“Koma baya mu sake.”

Mataki na bakwai: Kada ka zargi dabarar

Dabarar tana aiki. Ina da shaida. Washegari Rediyo ya makara, yana yawon nuna wa unguwa bayansa. Matata ta fito da kwandonta, ta shiga kujerarta, ta gyara zama. Na yi murna har na manta ɓangaren da take. Ba mu kai bakin gada ba ta ce in tsaya. Ta sauka, ta tsince abin da ya rage a kwandon, ta koma gida a ƙasa. Ka gani? Mai lafiyayyen baya. Da ƙafarta. Abin da na yi alkawari ke nan.

Yanzu kullum da safe akwai layi a ƙofar gidana. Tela, mai wanki, wata tsohuwa mai ciwon ƙugu, duk a lanƙwashe. Rediyo ne ke tsara su a bodin motar, dukkansu a ɓangarensa. Na je wajen bakanike ya mayar mini da shokazoba mai kyau. Ya ce shi ma yana cikin layin.

Gargaɗi

In haƙorinka ya fita, in ƙwai ya fashe, in matarka ta daina sa gishiri, in ka wayi gari asibiti ne a ƙofarka, ba ruwana. Na ce lafiyayyen baya. Wanda bai duba bayan ƙanin matarsa ba kafin ya fara, shi ya sani. Kada kowa ya zo gidana. Layin ya isa.

Jiya matata ta ce za ta dawo kujerarta in na gyara motar, kuma in ƙaninta ya bar mata wurin. Na gyara da hannuna a tsakar gida, a ɓoye. Yau da safe na same shi a zaune a gaba. Muka kama hanya, mota tana tafiya kamar a kan katifa. Ya ɓata rai, ya ce ba komai, zai jira shokazoban ya mutu, ai hanyar ba ta barin ƙarfe ya daɗe. Ya ɗauko labarin injin ban-ruwa daga farko.

Na taka birki. Na bar mataki na ɗaya, na buɗe bakina.

“Rediyo.”

“Na'am, Yaya.”

“Kujerar yayarka ce. Sauka.”

Ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a taga.

“Ba zan sauka ba.”