Gimbiya Ta Shiga Layin Mai

"...ya ƙafar kuma? To madalla. Kaka, ni fa ba gaisuwa ce ta kawo ni ba, aron motarka na zo."

Baba Sitiyari ya sauke rediyo daga kunnensa, ya dubi jikarsa sama da ƙasa. "Ji mata! Ko shayi ba ki kawo wa mijinki ba, sai aro. Wace motar?"

"Motoci nawa gare ka? Waccan gawar da ke ƙarƙashin bishiya."

"Gimbiya ce gawa? A gabana? Yarinya, je ki, na sake ki."

"Jiya ma ka sake ni. Nemo hularka mu tafi."

Bakinta ne kawai ke wasa, amma hankalin Mai Sanyi na kan kifinta. Tun da aka faɗi sakamakon zaɓe gari ya hargitse: ana ƙona tayoyi a mahaɗar tituna, kasuwa a rufe, wuta ta ɗauke, tankokin mai sun ƙi shigowa. Ita kuwa sana'arta kifi da kaji na firiza, shi ya sa unguwa ke ce mata Mai Sanyi. Ana gobe rikicin ta zuba duk jarinta, ta cika firizar har sai an danna murfi yake rufuwa. Yau da safe janaretonta ya yi tari ya mutu, ta taɓa kifin sama ta ji ya fara laushi. In rana ta faɗi babu mai, sai dai ta kwashi jarinta ta kai juji, kuma da firizar nan ake ci a gidan, har da shayin tsohon da ke sakinta kullum.

Gidan mai ɗaya aka sauke wa tanka da rakiyar sojoji, wanda ke gangaren titinsu. Sai dai an hana zubawa a jarka saboda masu ƙone-ƙone, sai a tankin mota ko babur. Gimbiya kuwa mota ce sosai, tsohon na goge ta kullum yana sa a yi wa tayoyinta iska kamar gobe zai yi lodi. Abu ɗaya ta rasa: injinta, da ya sayar lokacin jinyar marigayiya matarsa.

"Wane mahaukaci ne zai zuba wa motar da ba inji mai?" in ji shi.

"Kaka, ka leƙa layin kuwa? Ba mai kunna mota. Kowa tattalin ɗigon da ya rage masa yake yi, turawa ake. Wa zai bambance taka da ta wani?"

Tsohon ya waiwayi motarsa. Sai ga bakinsa ya tafi har kunne. "Kina nufin yau manyan motocin nan duk sun zama Gimbiya?"

"Duk sun zama."

"Allah mai iko! Ina hulata? Amma da sharaɗi: ni ne a sitiyari, ke ce a turi."

"In mun kama gangara sai in faɗo gaba."

"Gaba? Gaba wurin uwargida ne. Tun da ta tafi ko ƙuda bai sauka a kujerar nan ba. Amarya baya."

"Na ji. Ga nawa sharaɗin: in mun isa bakin famfo, ka kama bakinka."

"Ni? Ni da aka san ni da kawaici?"

"Kai da ko a barci gardama kake yi da kwandasta."

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta sa kafaɗa. Gimbiya ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta motsa, ta kama gangara. Baba Sitiyari ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya karkata hula, yana yin hon da baki. "Pim-pim! A ba da hanya, ba birki!"

"Kaka, da gaske ba birki?"

"Akwai, amma ba na son in gajiyar da shi."

Layin ya miƙe har ido ba ya ganin ƙarshensa, ga rana, ga hayaƙin taya can nesa yana tashi baƙi ƙirin. Aka yi ta ja da ƙafa: a tura taku kaɗan, a tsaya, a sake turawa. A gefensu wani mai tumbi cikin tsadadden yadi yana tura doguwar mota mai baƙin gilashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "Taka ba ta zo da mai turi ba? Ni tawa tare na saye su. Ga ta can baya, ba ta shan mai, sai dai surutu."

"Kada ka saurare shi, Alhaji," Mai Sanyi ta ɗago tana haki. "A gwanjo na same shi, shi da motar. Motar ta fi shi haƙora."

"Haƙoran da kika ƙarar mini da ƙashin kifinki! Jama'a, ku gane ta da kyau, ɓarauniyar kaji ce. Kazata mai wake-wake ta ɓace tun makon jiya, na rantse tana cikin firizarta."

"Kazarka da ta girmi babana? Ko kyauta wa zai karɓa?"

Direban wata motar kaya da ke bayansu ya kife kai a sitiyari yana dariya. Daga can cikin Gimbiya wani abu ya yi ƙuƙ-ƙuƙ.

"Mene ne wannan?" in ji Mai Sanyi.

"Inji ne yake ɗumi."

"Kaka, ka ji tsoron Allah."

"To cikina ne. Tun safe matata ba ta ba ni komai ba."

Iska ta kwaso wani yaji daga wajen mahaɗa, mutane suka hau tari suna toshe hanci da riga. Wani ya ce barkonon tsohuwa aka harba wa masu zanga-zanga.

"Rufe fuskarka, Kaka!"

"Ni? Na zauna da kakarki tun ina da gashi, wane barkonon tsohuwa ne ban shaƙa ba? Wannan ai turare ne." Ya faɗa yana hawaye shaɓe-shaɓe, ta jiƙa gefen gyalenta da ruwa ta danna masa a fuska yana ta kokawa.

Rana ta karkata kafin su hango famfo. A nan ne dariya ta tsere daga bakin Mai Sanyi. Manajan gidan man, wani gajere mai usur a wuya, ya sa aka buɗe wata mota a gabansu, aka tarar fanko ce ba inji, 'yan bumburutu ne suka jawo ta don su kwashi mai su sayar da tsada. Nan take ya busa usur, sojoji suka sa aka tura ta waje. Mai Sanyi ta tuna kifinta, ta matsa kusa da tsohon.

"Kaka, don Allah, don Annabi," ta raɗa masa ta taga. "Ko gaisuwa kada ka amsa."

Ya kama leɓensa da yatsu biyu ya gyaɗa kai.

Suka iso. Mai famfon mace ce, doguwa, idonta ya yi ja don gajiya, amma tun daga nesa take jin rigimarsu tana danne dariya. Ta buɗe murfin tanki ta zura bakin famfo. Mai Sanyi ta lumshe ido tana godiya ga Allah.

Amma ina! Tsohon da ya yi rayuwarsa yana shiga gidan mai, ga ƙanshin fetur ya bugi hancinsa, ga sitiyari a hannu, ga jama'a na kallo. Jikinsa ya manta shekarun da suka wuce. Ya gyara murya kamar yadda ya saba, ya ce da ƙarfi, "A cika ta! A duba mini ruwa da baƙin mai!" Hannunsa ya tafi da kansa ya ja marikin bonet.

Ƙwas! Bonet ya ɗaga baki.

Manaja da ke kusa ya ƙarasa ɗaga shi. A wurin da inji ya kamata ya zauna, wani kwando ne da tsohon ya daɗe da mantawa a wurin, a cikinsa kuwa kaza mai wake-wake ta baje fukafukai a kan ƙwai, tana hararar manaja.

"Kazata!" in ji Baba Sitiyari. "Amarya, na wanke ki!"

Kazar ta yi wani kuka ta tashi, ta bi ta kan manaja, ta sauka a kan motar mai tumbi, ta sake tashi. Wuri ya kaure. Wani soja ya rataya bindiga ya shiga binta, direbobi na tare ta da huluna, mai tumbi ya zauna dirshan a ƙasa yana riƙe ciki. Mai Sanyi kaɗai ce ba ta dariya. Ta jingina da motar, idonta ya ciko.

"A fitar da su!" manaja ya daka tsawa yana kakkaɓe gashin kaza daga kansa. "Tsoho da kai, da furfurarka, kana bumburutu?"

Baba Sitiyari ya buɗe ƙofa ya fito a hankali, ya cire hula. "Ɗana, ni ka kora, ni na yi ɓarnar. Ita ba sayarwa za ta yi ba. Kifinta ne ke narkewa a gida, kuma shi ne cinmu. Tun safe take tura ni da kafaɗarta, kowa a layin nan shaida ne."

"Shaida muke!" in ji direban motar kaya, wasu suka amsa.

"Doka doka ce," in ji manaja. Ya juya ga mai famfo. "Ke, zare abin nan!"

"To, ranka ya daɗe." Ta zare bakin famfon ta girgiza ɗigon ƙarshe a tanki, fuskarta ba alamar wasa. "Sai dai rabonsu ya riga ya shiga. Ni kaza nake kallo, na manta yatsana a kai. In kana so ka mayar, akwai tiyo a ofis, sai ka sa baki ka zuƙo."

Layi ya sake fashewa. Manaja ya dubi sojan da ya dawo rungume da kaza yana haki, sai shi ma dariyar ta ƙwace masa. "Ku biya ku ɓace mini da gani, ku da injin naku!"

Mai Sanyi ta biya, ta riƙe yatsun mai famfo ta matse su don godiya. Direban motar kaya ya sha nasa man, ya fito da igiya ya ɗaura Gimbiya a bayan motarsa, ya ce ai bai biya kuɗin kallo ba tun safe, bari ya ja su hawan.

"Kin gani ko?" in ji tsohon yana komawa mazauninsa. "Duk shiri ne. Ni na saka kazar tun makon jiya."

"Kaka, saura ƙiris ka kashe ni."

"Dabarar tsofaffin direbobi ce, ba za ki gane ba."

"Dabara? Har da 'na wanke ki'?"

Ta karɓi kazar daga hannun sojan, ta zagaya za ta buɗe ƙofar baya, rungume da ita, kwandon ƙwai a ɗaya hannun. Sai ta ga ya miƙa hannu ya tura ƙofar gaba, yana share kujerar da hularsa.

"Shigo nan."

Ta tsaya. "Wurin uwargida fa?"

"Da tana nan, ita za ta sauka ta ba ki. Shigo, kifi na jira."

Ta zauna a hankali, ta juya fuska wajen taga don kada ya ga idonta. "Kujerar ma duk ƙarfe ne ke sukan mutum."

"Sauka!"

"Na ƙi."

Igiya ta miƙe, Gimbiya ta zabura ta haura titi da gudun da ta manta da shi, iska na kaɗa gemun Baba Sitiyari, yana sa giya yana cirewa, yana yi wa duk wanda suka wuce pim-pim. A gida Mai Sanyi ta zura tiyo ta zuƙo man, ta tofar, ta cika janareto. Ta ja igiya, shiru. Ta sake ja, ya yi tari. Ta yi bisimilla ta fizga da duk ƙarfin da ya rage mata, sai ga shi ya ɗauka, firiza ta amsa da gurnaninta. Ta cusa hannu can ƙasa, ta ji kifi da kaji gagau kamar dutse, na saman ne kawai ya yi laushi.

Ta zaɓo mafi girma a ciki ta fito tsakar gida. Tsohon na nan zaune a motarsa bai sauka ba, ido a rufe, hannu biyu a kan sitiyari, yana sauraron ƙarar janareto.

"Amarya, kina ji?" ya ce. "Wa ya ce Gimbiya ba ta da inji? Ji yadda ta tashi."

Mai Sanyi ta ɗora masa kifin a cinya, tana dariya tana share ido da gefen gyale.

"Na ji, angona. Ta tashi."