Yadda Za Ka Koya wa Jika Lissafin da Ba Ka Taɓa Gani Ba

Kai dattijo, matso. Shekara arba'in ina kan keken ɗinki, aji uku na yi a makaranta, amma a gidana ba a taɓa jin na ce "ban sani ba". Bi matakan nan, na lamunce maka girmanka ba zai zube a gaban jika ba.

Mataki na 1: Karɓi littafin da fuskar shanu

Jikata Uwar Surutu ta dire mini littafi a kan teburin yanka. "Kaka, gobe jarrabawa. Ka ce babu abin da ba ka sani ba." Na duba, na ga biyu, ga wata 'yar mitsitsiyar uku ta haye kafaɗarta ta zauna. A zamaninmu lamba ba ta hawa kan lamba, akwai tarbiyya. Kada ka faɗi haka. Sa tabarau, cire, goge, mayar.

Mataki na 2: Juya tambayar

Ce mata, "Ke me kika gani?" Wannan dabara ta raya malamai da yawa.

"Biyu sau uku, shida. Amma malama ta ja mini jan biro."

Girgiza kai kamar ka ji mutuwa. A ranka kai ma shida ka samu. Riƙe sirrinka.

Mataki na 3: Ja lokaci da karin magana

Ina da guda uku da suka dace da wurin. Ko rabin ta farko ban kai ba ta ce, "Kaka, malama ba ta ba da maki a kan wannan." Yaran yanzu ke nan.

Mataki na 4: Ba hannunka aiki

Idan kai ya tsaya, kada hannu ya tsaya. Jawo ƙyallen da ya fi kusa ka yi ta ninkewa kamar mai zurfin tunani. Sa ta ta maimaita abin da malama ta ce.

"Wai biyu, sau biyu, sau biyu."

Na dubi hannuna. Ninki ɗaya, falle biyu. Na biyu, huɗu. Na uku... Wane tela ne bai san almakashi na fara gardama a falle takwas ba?

Yi tsawa: "Takwas, ke! 'Yar kafaɗar nan ba ta ce a ƙara ba, cewa take sau nawa aka ninke!" Yi tsawar kamar tun haihuwarka ka sani.

Mataki na 5: Kada ka tashi ka yi rawa tukuna

Za ta kawo wata: biyu mai biyu a kafaɗa, sau biyu mai uku. Ninke sau biyu, ka ƙara sau uku. Ninki nawa ke nan? Biyar. Wato idan manyan iri ɗaya ne, 'yan kafaɗa tarawa ake yi. In rabawa ce, warware: ka ninke biyar, ka buɗe biyu, saura uku. Debewa.

"To in sifiri ce a kafaɗa fa?" Ta yi zaton ta kama ni.

Shimfiɗa ƙyallen ba ninki ko ɗaya. "Falle nawa?"

"Ɗaya."

"To tafi ki gaya wa malama."

Harafin nan "x" na cikin littafinta, mai kama da almakashi a buɗe, kada ya tsorata ka. Lamba ce da ta ƙi faɗin sunanta. Doka ɗaya ce a kanta.

Yanzu yi rawar. Kaɗan. Ka tuna da gwiwa.

Mataki na 6: Kawo hujja

Uwar Surutu ba ta yarda ninki biyar falle talatin da biyu ba ne. "Kaka, ƙari kake yi." Ni? Ɗauko ƙusa da guduma. Ninke biyar, ɗora a kan katako, buga ta ratsa. Buɗe, ku ƙirga hujin tare da ƙarfi. Talatin da biyu cif! Ta yi tsalle, na jefa hula sama, muka sake ƙirgawa don daɗi.

Mataki na 7: Duba ƙyallen wa ka jawo

Wannan matakin kamata ya yi ya zo kafin na huɗu.

Kakarta ta tsaya a bakin ƙofa. "Malam, sabon labulen da na kawo ka kalmashe mini bakinsa ne wannan?"

"Ilimi muke yi."

"Ilimi? Da guduma?"

"Kaka, huji talatin da biyu ne," in ji jikar. "Biyu mai biyar a kafaɗa!"

"Ke rufe mini baki, ke da mijin naki."

Washegari yarinya ta dawo da tara cikin goma, ta shaida wa duk layinmu kakanta ya fi malama. Labulen kuwa tsohuwa ta hana in taɓa shi. Ta rataye shi haka a tagar ɗakina, kullum da safe sai rana ta tashe ni ta wuri talatin da biyu.

Gargaɗi

Na yi maka alkawarin girma a gaban jika, ban ce komai a kan kakarta ba. Duk wanda ya huda labule, zanin gado ko mayafi, shi da gidansa. Kada a zo shagona. Ba na yin faci, kuma gobe an ce rabon lambobi masu sanda a tsakiya za ta kawo, ina neman wurin ɓuya.