Haruffa Huɗu Zuwa Riruwai

Ni dai takardun jarrabawar 'yan aji shida na kai shagon Juwairiyya da ke bakin tashar Dangora a buga mini, kuma da na san abin da zai biyo baya, wallahi da Kiru na wuce. Ta ɗora hannu a kan kwamfuta ke nan sai ga kakanta Malam Lado ya kutso kai, yana amsa gaisuwar da ba a gama yi masa ba, waya a tafin hannunsa kamar mataccen ɗan tsako.

"Lafiya lau, amarya, gajiya ta bi lafiya. Tashi ki ba ni akwatin nan."

"Angon ƙarshen zamani! Kwana tara ko goro, yau ka zo kana ba da oda. Me ya sami wayar?"

"Rijiyar fadama ta faɗa, ina ban ruwan albasa."

"Faɗawa ta yi, ko gajiya ta yi da kai ta yi tsalle?"

"Ke ce dai kika yi mata baki. Duba mini, Adamu ya yi magana?"

Wayar tana da sauran rai, tana ɗan kaɗawa in saƙo ya shigo, amma fuskarta ta yi baƙi ƙirin, murya ma ba ta fita. Sa'ar da aka yi, tun da idon tsohon ya fara rauni Juwairiyya ta haɗa wayarsa da kwamfutar shagon, duk tes ɗin da ya shigo sai ya fito a allo da manyan baƙaƙe ta karanta masa. Adamu kuwa ɗansa ne da ke aikin haƙar kuza a Riruwai, an yi masa haihuwar 'ya mace, ya bar wa mahaifinsa zaɓen suna.

Ta karanta: "Baba, gobe da asuba za a raɗa suna. Ina kan dutse inda ake samun sabis har la'asar. In na sauka ban ga sunan ba, surukaina sun matsa a sa na wajensu."

Na dubi agogo, uku da rabi ta gota.

"To faɗi sunan in rubuta," in ji Juwairiyya.

"In faɗa wa wa? Sunan da ba a raɗa ba in zuba shi a kunnen mace? Kafin in isa gida an yi masa waƙa a Bebeji."

"Bakina ya fi naka rufuwa, tsoho. Ni ina da haƙoran tare magana, naka ko ƙyaure babu."

"Ukun da suka rage sun fi naki talatin amana."

"Ga tawa wayar, kira Baffa Adamu ka gaya masa."

"Riruwai kira ba ya shiga, sai tes. Kuma ko ya shiga, kina nan kin baza kunnuwa. Da hannuna zan rubuta."

"Kai da ko sunanka sai an dangwala maka yatsa a tawada?"

"Juya bango!"

Ta juya tana tsaki. Ya zauna a kujerarta, ya ciro mayafin kafaɗarsa ya lulluɓe allon ruf.

Na kasa haƙuri na ce, "Baba, in ka rufe allon ta yaya za ka ga abin da kake rubutawa?"

"Allah na gani. Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Jarrabawa ce da ni gobe."

"Malam, yi haƙuri," in ji Juwairiyya daga jikin bango, "babu yaron da zai yi kukan rashin jarrabawa."

Suka haɗe mini kai, na ja bakina. Tsohon ya sunkuya har gemunsa na sharar maɓallai.

"Wane mara tarbiyya ne ya jera baƙaƙen nan? Ba alif a farko, ba komai a muhallinsa, kamar an zubar da wake."

"Ba allon makarantarka ba ne. Ka gama?"

"Ko farawa ban yi ba."

Ya gyara zama, ya dafa gwiwar hannu a kan maɓallan. Kwamfuta ta ɗauki ƙara. Kafin ya ɗaga, wayar ta kaɗa a kan tebur. Juwairiyya ta miƙo hannu ta baya ta ɗaga gefen mayafin, ta leƙa da ido ɗaya, sai ta dafe kai.

"Innalillahi! Ka aika masa layi biyu na shirme. Ga amsarsa: Baba, wannan sunan mutum ne ko na aljani?"

"Ki ce masa na ubansa ne."

"Ai kai ne uban!"

"To ki ce masa ya jira! Juya bango!"

"Na juya, na juya. Saura minti goma a kira salla, kana nan kana kokawa da ƙarfe. A sa wa yarinya sunan wata can, ka zo kana yi mini kuka."

A nan ne tsohon ya waiga ya tabbata ta ba shi baya, ya cire hularsa, ya zaro wani tsohon kati daga cikin naɗin, ya mayar da hular kansa. Ya kai shi dab da ido, ya dubi harafin farko, ya shiga nemansa a cikin maɓallai da yatsa. Sau uku yana wuce shi.

Haƙurin Juwairiyya ya ƙare. Ta juyo a fusace, "Kai tsoho, don Allah ba ni..." Sai idonta ya sauka a kan katin da ke hannunsa.

Katin zaɓen Iya ne, kakarta da ta rasu bara, wanda aka birkice gida ana nema ba a gani ba. A lokacin na gane, kuma na ji kunyar ƙorafin da na yi ta yi. Duk Dangora an san Malam Lado mutumin zamanin da ne: shekara hamsin da biyu suna tare da uwargidansa, bai taɓa kama sunanta a bakinsa ba. Zancen kar mata su ji duk rufa-rufa ce, shi ne ba zai iya furtawa ba.

Juwairiyya ta yaye mayafin, ta kama yatsansa, ta ɗora shi a kan maɓalli ɗaya, ta kai shi na biyu, na uku, na huɗu. Rabi ya fito a allo.

"Danna babban nan," ta ce a hankali.

Ya danna. Ladan ya fara kiran la'asar, mu uku muna kallon allo ba mai motsi. Sai wayar ta kaɗa.

Ta karanta: "Na gani, Baba. Allah ya jiƙan Iya."

"Amin," in ji tsohon, ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Ta share ido da bakin gyale. "To shi ke nan, mai ɗaki ta dawo. Ni sai ka sallame ni."

"Ke da ma riƙon ƙwarya kike yi." Ya tura mata katin. "Ajiye mata har ta girma. Kwandon albasa kuma yana zuwa, kar ki ce an sallame ki hannu rabbana."

"Na karɓa. Amma tsaya, tsoho. Ita jaririyar, da wane suna za ka riƙa kiran ta?"

Ya saɓa mayafinsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yadda na saba mana. Ke!"

Juwairiyya ta kwashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. "Na sallama, angona. Yau ka ci."