Rasuwar Zarƙa, Libarbar Gidan Sayil

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, da fushin da bai ga dalilin ɓoyewa ba, Hajji Mifleh ɗan Sayil, wanda aka fi sani da Abu Auda, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa shan gahawa a zaurensa rasuwar libarbarsa, ƙaramar bindigar nan Zarƙa, wato Shuɗiya, bayan shekara arba'in da shida a gidansa. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ɗan ƙanwarsa, Hazza ɗan Fanash, shi ya kashe ta ranar Juma'a, lokacin da masu tsoron Allah suke sahu a masallaci. Ya sace ta, ya harba ta a inda ba a harbi, ya bar ɗan kawunsa da laifin, sannan ya nutsar da ita cikin ruwan kal, ruwan tsamin nan mai cin ƙarfe, don ya rufe mata baki. An rubuta sunansa a nan don kada wani ya ce bai ji ba.

An haifi marigayiyar a ƙasar Ingila, a shekarar da babu wanda ya riƙe, ta shigo ƙasar nan a ƙugun wani hafsan sojan sahara. Abu Auda ya gamu da ita a Ma'an, lokacin yana saurayi, yana tuƙa babbar mota daga Karak zuwa Aƙaba a hanyar da mutum zai yi rabin yini bai ga ɗan Adam ba. Wani tsohon soja ne mai ido ɗaya ya shimfiɗa masa bargo a bayan shagonsa ya jera libarba uku. Biyu farare ne masu walƙiya, an yi wa ƙotarsu ado. Ta ukun shuɗiya ce, shuɗin da ya kusa baƙi, irin na wuyan tantabara idan rana ta same shi ta gefe.

Abu Auda bai yi makaranta mai nisa ba, amma ya san abin da ake dubawa. Ya ɗana kowacce ya girgiza gangar da harsashi ke zama a ciki, ya ji ko tana lilo. Ya sa farar takarda a gindin bututu ya leƙa ta baki. Ya duba kan kusoshi ko wani ɗan gaggawa ya taɓa cin su da wuƙa. Ya shafa rubutun da ke jikin ƙarfen, domin idan an kankare tsatsa an sake shafe, haruffan kan dushe. Fararen nan biyu haruffansu duk sun narke. Na shuɗiyar suna nan da kaifinsu kamar jiya aka buga.

Tsohon ya ce, "Ɗauki mai walƙiya, ɗan samari, 'yan mata daga kan soro za su hango ta. Waccan 'yar gulma ce. Ka taɓa ta da gumi yau, gobe ta gaya wa duniya."

Abu Auda ya ce ita yake so. Ya ce farin shafe duk abin da aka zuba a ƙarƙashinsa yana rufewa, shi kuwa ba ya son zama da abin da ke rufa wa mutum asiri a kan ƙazantarsa. Tsohon ya yi dariya ya ce zai sha wahalar mai da tsumma har ya mutu. Ya kuwa sha, bai taɓa kuka ba. Duk Juma'a bayan salla yakan fito da ita daga akwatin itacen goro, ya shafe ta da tsumman da ya yanka daga tsohuwar rigar matarsa, Allah Ya ji ƙanta, ya mayar ya kulle.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Idan aka ɗana ta takan ce ƙit, ta ɗan dakata, ta sake cewa ƙit, kamar mai ba mutum dama ya sake tunani. Sau uku kacal ta ɗaga murya a hannun mai ita: ranar da aka gwada ta a bayan Ma'an, da ranar da kura ta shiga garken tumaki, da ranar da mahaukacin kare ya tare ƙofar makarantar 'yan mata. Ba ta taɓa kallon mutum ba. Ba ta taɓa zuwa biki ba, ko na Auda, ɗan gidan tilo, domin mai ita yana ganin wanda ke harbin sama don murna ba murna yake yi ba, neman a kalle shi yake yi, kuma ya faɗi haka a gaban manya da yara har aka gaji da ji.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar Alhamis, kwana takwas kafin rasuwarta. Abu Auda yana Amman ana cire masa yanar ido. A ƙauye ana bikin ɗan limami. An ci mansaf da azahar, maza a tsaye kewaye da faranti, hannun dama cikin shinkafa da nama da romon busasshen nonon nan mai gishiri da tsami. Da aka fito rakiyar ango sai samari suka fara harbin saman da suka saba. A can ƙarshen gari, Dulaiman na gidan Mutlaƙ yana kan soronsa yana ba tantabarunsa hatsi, bai je bikin ba, bai ma ji ƙarar sosai ba. Harsashi ya sauko daga sama ya shiga kafaɗarsa. Har yau hannun bai ɗagu ba.

Likita ya ciro wata ƙatuwar dalma, gajera, tsohuwar yayi. Yayan Dulaiman, Ƙuftan, ya gan ta a tasa ya gane. A duk ƙauyen bindiga ɗaya ce ke cin irin wannan. Kuma kowa ya san bara Auda ya yi cacar baki da Dulaiman a kan ruwan ban gona, har aka shiga tsakani. Gidan Mutlaƙ ba su ba 'yan sanda sunan kowa ba. Sun ce a gaban dattawa za su faɗa. Alƙalin ƙabila, Shaihu Barjas, ya karɓi sulhun kwana tara. Idan ta tabbata Auda ne, a miƙa shi ga hukuma, gidan Sayil kuma su tashi daga ƙauyen da matansu da 'ya'yansu, su bar zaitun ɗinsu da ya nuna a kan itace.

Hazza ne ya ɗauko kawunsa daga Amman ranar Talata, idanu a naɗe da bandeji, yana riƙe masa hannu a kowace matakala. Abu Auda bai zauna ba sai da aka kai shi gaban akwati. Mabuɗin yana inda ya saba, a ƙusa bayan hoton mahaifinsa, wurin da duk wanda ya tashi a gidan ya sani. Ya buɗe, ya kai ta hanci, ya ji warin albarushi. Ya ƙirga da yatsa, harsashi biyar da kwanso ɗaya. A gefen ƙarfen, sama da kunama, ya ji wani ɗan kaushi da babu shi a da. Ya tambayi Hazza me yake gani a wurin. Hazza ya ce ƙura ce.

Auda ya rantse da Alƙur'ani bai taɓa ta ba. Uban ya ce mabuɗi a gidansa yake, kuma ɗa ɗaya gare shi. Daga ranar bai sake cin abinci faranti ɗaya da shi ba. Matar Auda ta fara naɗe barguna tana ɗaurewa. Samarin gidan Mutlaƙ suka riƙa zama a kan katangar da ke kallon ƙofar gidan tun hantsi har la'asar, ba sa amsa sallama.

Sau biyu Hazza yana zuwa da zancen goge ta. Ya ce, "Kawu, ka bar ni in ɗan shafa mata mai kafin taro. Abin kunya ne baƙi su gan ta da datti." Abu Auda ya ce yadda aka mayar da ita haka za ta je gaban mutane, ya rataye mabuɗin a wuyansa. Ranar Juma'a Auda ya ja mahaifinsa zuwa masallaci. Hazza ya ce cikinsa na ciwo. Ya kwance kusoshin bayan akwatin, ya ɗauko tulun kal ɗin da ake jiƙa kokwamba, ya tsoma ta ciki har aka idar da salla, ya goge, ya mayar, ya ɗaure kusoshin.

Ranar Asabar da safe aka kwance wa Abu Auda bandeji. Da hantsi maza talatin suka cika zauren. An zuba gahawa, gidan Mutlaƙ suka karɓi kofuna suka ajiye a ƙasa ba wanda ya kai baki, alamar ba za su sha ba sai an biya musu haƙƙinsu. Aka kawo akwatin tsakiya. Abu Auda ya cire mabuɗi daga wuyansa ya buɗe, ya zare ta daga kube. Shuɗin shekara arba'in da shida babu shi. Abin da ke hannunsa farin ƙarfe ne, toka-toka, mai warin tsami.

Ƙuftan ya ce, "Abu Auda, mun san ta baƙa, ga ta fara sol. Ita ma Amman ka kai ta aka yi mata aiki?" Babu wanda ya yi dariya. Ya juya ga Shaihu Barjas ya ce mai gaskiya ba ya wanke shaida, ba su da sauran abin nema, a ba su Auda. Samarinsa biyu suka miƙe suka tsaya a bakin ƙofa. Auda yana zaune, fuskarsa ta yi fari kamar ta bindigar.

Abu Auda ya tashi ya je ƙofa inda samarin suke, ya ce su matsa masa daga haske. Ya karkata ta ga rana, ya nemi wurin kaushin nan da yatsa, ya duba da idon da aka wanke masa. Kal ya cinye shuɗin, ya cinye tsatsar, amma gishiri da tsamin nonon da hannun mai harbin ya kwaso daga mansaf sun kwana takwas suna cin ƙarfen, sun shige ƙasa da inda shafe ya tsaya. Ya miƙa wa alƙali. Shaihu Barjas ya lakato baƙin hayaƙi daga gindin butar gahawa ya murza a wurin, ya share sama. Zanen babban yatsa ya fito baƙi ƙirin a kan farin ƙarfe, layi bayan layi, da tabo guda ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe.

Alƙali ya ce duk namijin da ya san inda mabuɗin ke rataye ya shafa baƙin ya danna a takarda. Auda ya fara tashi. Bai je wurin takarda ba, gaban mahaifinsa ya je ya miƙa masa yatsun biyu ya ce, "Duba da sabon idon, Baba." Babu tabo ko ɗaya. Abu Auda ya san tabon da ke jikin ƙarfen, domin shi da kansa ya ɗaure shi da rawaninsa shekara goma sha biyu da suka wuce, ranar da wuƙar sassabe ta zame wa ɗan ƙanwarsa a gonar zaitun. Ya waiwaya. Hazza yana kusa da bango, hannunsa na dama cikin aljihu.

Hazza ya ce, "Kawu, kowa ya yi harbi ranar nan. Sama na harba."

Abu Auda ya ce, "Saman ya karɓa ya riƙe maka?"

Alƙali ya sa Hazza ya fito da hannun, sai ga tabon a babban yatsansa. Ƙuftan ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya sunkuya ya ɗauki kofinsa ya shanye gahawar da ta huce, sauran suka bi shi.

Marigayiya ta rasu ta bar kuben fata guda, wanda har yanzu yake riƙe da siffarta, da kwalbar mai da ta kai rabi, da tsumma, da akwati mai kwantattun kusoshi. Ta bar marayun harsasai biyar da kwanso ɗaya. Ta bar mai gida wanda ya yarda da ƙarfe kafin ya yarda da rantsuwar ɗansa a kan Littafin Allah. Wannan laifin nasa ne, ba na Hazza ba, kuma yana neman gafarar Auda a nan, a rubuce, a gaban duk mai karanta wannan takarda. Ita ta faɗi gaskiya bayan an kashe ta. Shi yana da rai da hankali ya kasa.

Wani maƙeri a Karak ya ce zai iya sake mata shafe ta koma kamar da. An gode masa. Sai an kankare zanen yatsan kafin a yi, kuma ba za a kankare ba.

Ba za a yi mata salla ba, mai gidan ya san iyakar addininsa. Ranar Litinin bayan hantsi za a naɗe ta a tsummanta, Auda ya ɗauke ta, Ƙuftan ya raka, a miƙa ta ga hukuma tare da marayunta. Ba za ta dawo ba, kuma ba za a sayi wata ba. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a zauren gidan Sayil, daga la'asar zuwa magariba. Gahawa ce kawai da dabino, ba mansaf. Kofin farko na kowace rana Auda za a ba, uban ne zai zuba da hannunsa. Wanda ya zo da makami ya bar shi a mota. Ranar Juma'a gidan Sayil za su fara tsinke zaitun ɗin Dulaiman kafin su taɓa nasu, duk mai hannu biyu ana gayyatarsa.

Hazza ɗan Fanash yana hannun 'yan sanda tun ranar Asabar. Idan hukuma ta gama da shi, dattawa sun yanke shekara bakwai ba zai kwana a ƙauyen ba, ba zai zauna a zauren kowa ba, kuma ba za a zuba masa gahawa ba.