Ranar da Sabon Nabigatar Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka fito da sabon nabigatar ba, wato manhajar nan da muke shiga intanet da ita. Ni dai ina da wata cuta: in na ga an rubuta "sabo", jikina har rawa yake. Tun a cikin taksi daga unguwarmu Banifandu na sauke shi a salula, ina isa biro, wato ofis, na saka shi a ordinatar, kwamfutata ta aiki. Kai, jama'a! Kafin ka ɗage yatsa shafi ya buɗe. Ga kuma wani abin burgewa: yana haɗa salularka da ordinatar, abin da ka buɗe can ka same shi nan, sannan shi da kansa yake tara shafuka masu kama da juna ya raɗa musu suna. Na danna "na yarda" ban karanta komai ba (wa ke da lokacin wannan dogon faransanci?).

A lokacin ina aiki a kamfanin jigilar kaya na wani Alhaji ɗan Maradi, a unguwar Bukoki ta Yamai. Ƙarshen makon nan zai naɗa shef, wato shugaban biro, kuma mu biyu ne ake kallo: ni da Malam Idi, dattijon da ya riga ni zuwa gidan. Kwana uku kafin nan Alhaji ya kira ni, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin ina neman aiki a wani wuri. Na dafa ƙirji na ce, "Ni, Alhaji? Ai a gidan nan zan tsufa!"

To, na bi ordinatocin biro ɗaya bayan ɗaya ina saka musu sabon, ba wanda ya roƙe ni. Madam Rakiya, sakatariyarmu, ta biyo ni da masifa: "Ina ka kai mini maɓallin rufewa? Komai ya canza wuri! Ka maido mini da abina!" Malam Idi kuwa hannu biyu ya sa ya rufe tasa. "Tsohon bai yi mini laifi ba. Da tsohuwar zuma ake magani." Na yi masa dariya, har na ce da shi mutumin zamanin da. Allah Ya yafe mini.

Sai dabara ta faɗo mini: in nuna wa Alhaji abin a taron Laraba, ya ga wanda ya dace da kujerar. Na sha shadda, na kafa hula (ban taɓa cire hula a biro ba, mutane suna ɗauka kamala ce). Na haɗa ordinatata da na'urar haska bango, na yi ta zuba kamar ni na ƙera abin. Daga ƙarshe na ce, "Alhaji, yanzu ga babban. Zai nuna duk abin da mutum ke aiki a kai, a tsare." Na danna.

Na manta da salulata.

Alhaji ya bar tabaransa a mota, sai ya ce, "Rakiya, karanta mana." Ita kuwa dama tana cike da ni. Ta gyara murya, tana karantawa tana fassarawa:

"Aikin biro, shafi biyu. Kokawa, shafi bakwai. Maganin sanƙo, shafi tara."

Idanu duka suka koma kan hulata.

"Neman aiki, shafi goma sha huɗu."

Innalillahi! Na kai hannu in rufe, maɓallin ba ya inda na san shi. Abin da Madam ta yi ta kuka a kai ke nan! Na danna wani wuri, sai ga wasiƙata ta buɗe ɓaro-ɓaro a bango, wadda na rubuta wa wani kamfani cewa tun da daɗewa nake mafarkin aiki da su. Na roƙi Allah a ɗauke wuta. A Yamai, inda ake ɗauke ta kana tsakiyar aiki, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Gumi ya jiƙa mini shadda sharkaf.

Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, wannan sabon abu naka ya yi. Na tambaye ka baki da baki ban samu amsa ba, ga shi ya ba ni ban tambaye shi ba. A saka mini shi a tawa."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan taro ya ce da ni neman gaba ba laifi ba ne, shi ma haka ya baro Maradi. Dafa ƙirjin nan ne ya ɓata masa rai. Ranar Asabar Malam Idi ya zama shef, da tsohon nabigatarsa. Wancan kamfanin kuma har yau ba su amsa mini ba.

Ban daina son sabon abu ba, hali zanen dutse. Amma yanzu kafin in haska wa mutane komai a bango, sai na fara kallonsa ni kaɗai, kuma in an tambaye ni magana ina faɗin gaskiya kafin na'ura ta riga ni. Hular ma na daina wahalar da kaina da ita. Me ya rage a ɓoye?