Tuwon Madam Ornella

"…lafiya lau, ya gajiyar hanya? Shigo, amma ka rage wannan muryar taka ta 'yan tasha, barci take yi."

Muhsina ce ta buɗe wa Sanusi ƙofa. Ɗan kawunta ne, abokin wasanta, direban tasi a filin jirgin sama na JFK. Ita kuwa aikinta kula da Madam Ornella, wata tsohuwa 'yar Italiya da ke zaune ita kaɗai a unguwar Bronx a Amurka. Tun da aka sallamo tsohuwar daga asibiti ta ƙi cin komai, ɗanta kuma ya ce da yamma zai zo, in ya tarar ba ta ci ba sai gidan tsofaffi.

Sanusi ya dire leda a kan tebur. "Ga shi, baiwata. Ki durƙusa ki yi godiya."

Ta buɗe, ta dafe ƙirji. "Taliya da tumatir? Na shiga uku! Me na ce ka sayo?"

"Kin faɗi wani suna mai kama da na maganin tari. Mai shagon ya tambaye ni 'yar wane yanki ce, na ce 'yar Italiya. Ba taliya suke ci ba?"

"Kai da kanka yake kamar tukunyar da ba komai a ciki! 'Yan kudu ne masu taliya da tumatir da man zaitun. Ita daga arewa take, can cikin duwatsu. Su man shanu ne, da shinkafa, da masara."

"Oho! Su ma suna da arewa? To ki ce 'yar uwarmu ce."

"Kai in an ba ka eba a ce abincin Kano ne, za ka ci?"

"Zan ci mana. Girkinki ma na ci ban mutu ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta leƙa ɗakin tsohuwar, ta dawo idonta ya kawo ruwa.

"Sanusi, in suka kai ta can ba za ta yi wata ba. Ni ma aikin ya tafi. Kwana take tana kiran polenta, polenta, abincin da uwarta ke yi mata."

"To daina kukan, muninki ƙaruwa yake. Yaya ake yin abin?"

"Garin masara ne mai tsaki-tsaki. A tuƙa shi da laushi, a sa man shanu da cuku."

Ya yi tsaye yana kallonta. "Muhsina, tuwo kike nufi? Tuwon masara ne kika sa na keta gari, har aka kusa cin tarata saboda fakin?"

"Ba tuwo ba ne, baƙauye!"

"Tuwo ne da fasfo. Jira ni."

Ya sauka da gudu zuwa motarsa, ya dawo yana haki da ƙullin garin masara. Matarsa Rafia ce ta aike shi ya sayo mata a shagon 'yan Ghana.

Muhsina ta ɗora ruwa. Shi kuma ya tsaya a kanta.

"Gudaji! Ga wani can. Haka Gwaggo ta koya miki?"

"Matsa, ko in tuƙa da kai."

Da ta shiga da kwanon, Sanusi ya maƙale a bakin ƙofa, bakinsa na motsi da addu'a. Tsohuwar ta shinshina, ta kau da kai. Can ta juyo, ta karɓi cokali ɗaya. Ta daɗe tana juya shi a baki, sannan ta ɓata fuska ta yi magana da faɗa.

"Me ta ce?" in ji Sanusi a hankali.

Muhsina ta waigo, hawaye da dariya a haɗe. "Wai gishiri bai ji ba. In ƙara, in kawo mata babban cokali."

Sanusi ya sulale ya zauna a ƙasa yana ƙyaƙyata dariya.

"Na sallama, kin iya. Riƙe sauran garin, na ba ki. Amma ke za ki kira Rafia ki gaya mata wata Baturiya ta cinye mana tuwon dare, don ni ba za ta yarda da ni ba."